Shirun da Malama Shinbo Ta Bari

A unguwarmu ta bakin kogin Asano, a nan Kanazawa, in ka ce Fusae Nakade ba kowa zai gane ba, amma in ka ce Me-ya-sa, har yara za su nuna maka shagonta. Kayan lambu masu tsami take sayarwa, irin waɗanda ake dannewa cikin gishiri da dusar shinkafa, sana'ar da ta gada daga surukarta. Ka shiga sayen kokwamba biyu, kafin ka fito ta san dalilin da ya sa ka canza takalmi da abin da likita ya ce game da gwiwar mahaifinka. Ba gulma ba ce, don ba ta kai maganar ko'ina. Haka dai aka halicce ta, in abu ya shige mata duhu ba ta iya barci mai daɗi sai ta ji tushensa.

To, irin wannan yarinya ce uwarta ta ɗauka tana da shekara tara ta kai gidan Malama Shinbo koyon shamisen, molon nan namu mai tsirkiya uku. Uwar ba kiɗa ne ya dame ta ba, so take a koya wa 'yarta yadda ake zama da rufe baki. Kuma ta zaɓi gidan da ya dace. Malama Shinbo makauniya ce tun tana ƙarama, kamar yawancin waɗanda suka riƙe wannan kiɗa a da, kuma koyarwarta irin ta mutanen farko ce. Za ki durƙusa a gabanta, gwiwa na kallon gwiwa. Ta kaɗa, ki kaɗa. Ta rera, ki rera. Babu takarda, babu bayani, babu tambaya. In kin yi daidai ba za ta ce komai ba, in kin kuskure sai ta sake kaɗawa, ko da sau arba'in ne.

Ranar farko Fusae ta tambaya me ya sa tsirkiyar rawaya ce. Malama ta ce, "Ni ban taɓa ganinta ba, kuma ga shi ina kaɗa ta. Ɗauki abin kaɗinki."

Shekara ashirin da ɗaya tana durƙuso a ɗakin nan. A cikinsu ta yi aure, ta haifi biyu, ta koyi jiƙa kabeji, hannunta ya yi kaushi da gishiri. Sai da ta cika talatin Malama ta ba ta waƙar da ba ta ba kowa ba cikin ɗalibanta. Tsohuwar waƙa ce da aka ciro daga wani wasan No, wasan dandalin nan da ake yi da fuskar katako: labarin wata mata da take hura wuta a gaɓar teku don jirgin mijinta ya gane hanya, har ta mutu tana hurawa, kurwarta ta ci gaba. An ɗauke waƙar daga dandali an mayar da ita ta ɗaki, mutum uku suke yin ta a zaune, shamisen da sarewa da koto, wata doguwar garaya mai tsirkiya goma sha uku da ake kwantarwa a ƙasa.

A tsakiyar waƙar akwai wani wuri da murya ke tsayawa, kiɗa ya ci gaba shi kaɗai, yana ƙara sauri, yana ƙara zafi, sai kawai ɗif. Malama ta ɗauke hannu. Ba hutu ba ne irin na shan numfashi. Shiru ne mai tsawo, wanda za ka ji tukunya na tafasa a gidan maƙwabta. Daga nan sai ta doki tsirkiya sau ɗaya da ƙarfi, a ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Fusae ta daure wata shida. Wata rana abin ya fi ƙarfinta.

"Malama, me ya sa ake tsayawa a nan?"

"Saboda a nan ake tsayawa."

"To har yaushe ake tsayawa?"

"Har a gama."

Iyakar abin da ta samu ke nan. Da ta ga ba za a gaya mata ba, sai ta yi dabarar 'yan kasuwa, ta riƙa ƙirga numfashinta a ɓoye duk lokacin da Malama ta ɗauke hannu, ta riƙe adadin a kai. Bayan shekara goma Malama ta rasu, ta tafi da dalilinta.

Tun daga nan su uku suke yin waƙar, duk ranar Laraba da yamma, a ɗakin da ke bayan shago, cikin warin dusa. Mai koto ita ce Kinue, ƙanwar mijin Fusae, mace mai son a yi abu a gama. Mai sarewa kuwa Genzo Higashide ne, mai gyaran itatuwan lambu, wanda in yana kan tsani yana ɗaure rassa kafin saukar dusar ƙanƙara za ka ji shi daga ƙarshen layi yana rera baitocin No da muryarsa mai kama da ta tsohon bijimi. Su biyun sun karɓi shirun ne daga Fusae, numfashi goma sha ɗaya, kuma ba su taɓa damuwa da shi ba, tunda a ɗaki babu mai jin su sai randunan kabeji.

Abin ya lalace ne bara, da aka gayyace su zauren unguwa. Suka kai wurin, suka ɗauke hannu. Numfashi ɗaya, biyu, uku, sai tafi ya ɓarke. Shugaban unguwa ya miƙe da furanni a hannu yana tahowa, wata ma ta fara naɗe labule. Da Fusae ta doki tsirkiya, bawan Allah ya daskare a tsakiyar zaure da furanninsa, bai san gaba zai yi ko baya ba. Aka yi dariya. Kinue ta ƙarasa waƙar kunnuwanta jajur.

Yanzu ga babban taro ya matso. Bana za a yi wa Malama Shinbo addu'ar tunawa ta talatin da uku a haikali, wadda daga ita ba a sake yi wa mamaci wata. Tsofaffin ɗalibai da 'ya'yansu za su zo, an ce su uku su yi waƙar, za a kuma naɗe ta a na'ura, domin yatsun Fusae sun fara ƙagewa, shekararta saba'in da biyu, kuma kowa ya san wannan ne karo na ƙarshe. Yadda aka naɗe ta ranar, haka za ta zauna ga duk mai son koya nan gaba.

"Yaya, a cire shi," in ji Kinue wata Laraba, tana sa farcen kaɗi a yatsunta. "Ko a mai da shi numfashi biyu, kamar na mutane."

"Haka Malama ta bari."

"Malama ta bar tsohuwar buta ma, ai ban ga kina shan shayi da ita ba. Wa ya sani ko mantuwa take yi a wurin? Ko ƙafarta ce ke sagewa? Mu kuma mun ɗauki sagewar ƙafa mun mai da ita gado."

"Ruwa ba ya tsami banza, Kinu."

"To gaya mana abin da ya tsamar da shi mana, ke da kika san dalilin komai a unguwar nan. Ni dai ba za a sake yi mini dariya a gaban hoton Malama ba. Ki kawo dalili in yi shiru har gobe. In babu, a cire."

Abin ya yi wa Fusae ciwo ƙwarai, don gaskiya aka faɗa mata. Ta san abin da ya raba mai sayar da kifi da matarsa, ta san me ya sa kabejin bana bai kai na bara ba, amma abu ɗaya da aka damƙa mata amana, shekara arba'in da biyu tana ɗauke da shi ba ta san ko mene ne ba. Ta ce ta yarda. In ranar ta zo ba ta samo dalili ba, a cire.

Genzo yana goge sarewarsa da ƙyalle, bai ɗago ba ya ce, "Wai Fusae-san, kin taɓa kallon wasan?"

"Wane wasa?"

"Wanda aka ciro waƙar daga cikinsa mana."

Matan biyu suka dubi juna. Daga shagon zuwa dandalin No bai fi tafiyar minti ashirin ba, amma a cikinsu babu wadda ta taɓa sa ƙafa. Kuma kada ku yi musu dariya da yawa, don haka muke. Kowane gida da hanyarsa, ɗan gidan shamisen ba ya leƙa tukunyar gidan No, su ma ba sa leƙa tamu, duk da cewa miyar ɗaya ce. Me-ya-sa da kanta, tambayar ba ta taɓa zuwar mata ba.

Matsalar ita ce wasan ya daɗe ba a yi shi ba. Amma Genzo ya san wani tsohon mai aski, Tokuji Echida, ɗan shekara tamanin da takwas, wanda ya yi shekara sittin yana koyon rawar No don sha'awa, har ya shimfiɗa daɓen katako a saman shagonsa. Ranar Lahadi da hantsi suka tafi su uku, Fusae da ƙunshin kokwamba a hannu ɗaya, akwatin shamisen a ɗaya.

Tsohon ya karɓi kokwamba da fara'a, ya dubi akwatin kamar an shigo masa da akuya ɗaki. Fusae ta rera masa baitin da ke gaban shirun, ta tambaye shi ko a dandali ana tsayawa a nan.

"Tsayawa? A nan?" Ya yi dariya har da tari. "Nan ne ma wurin da ya fi ko'ina ƙara. Sarewa na ihu, masu ganga na ihu. Wa ya ce miki shiru ake yi?"

Kinue ta gyara zama, ta ce a hankali, "To, Yaya, an huta."

Da wata ce ba Fusae ba, da ta yi godiya ta miƙe. Amma ita sai ta ce, "To lokacin da suke ihun, mai fuskar katakon me yake yi?"

"Tafiya. Matar ta hango kamar jirgi, sai ta taso daga wancan ginshiƙi zuwa bakin ruwa."

"Ko za ka yi mana tafiyar, ni kuma in kaɗa?"

"Da wannan?" Ya nuna akwatin da haɓa. "Baiwar Allah, shamisen ba ya hawa daɓen No. Malamina in ya ji, sai ya taso daga kabari ya karɓe mafificina."

"Haba Toku-san," in ji Genzo. "Shekara nawa ina ba ka kaina kana yanka mini kunne ban kai ƙara ba? Malaminka ai kurma ne tun yana da rai, yanzu ne zai ji?"

"Kai rufe mana baki, mai muryar kwaɗo. Kai ne ka sa tsuntsaye suka ƙaura daga unguwarku."

Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka yi sulhu irin namu. Shamisen ba zai taɓa daɓe ba, Fusae za ta zauna a bakin ƙofa, kan matakala, rabin jikinta a waje. Kuma in an fita ba a yi ba. Tsohon ya sa farar safa, ya ɗauki mafifici, ya je ya tsaya a kusurwa. Da ya miƙe bayansa sai ka rantse an sauke masa shekara ashirin.

Fusae ta fara daga inda murya ke tsayawa. Yatsunta na ciwo, amma ta kai kiɗan har ƙololuwa, ta ɗauke hannu. Kamar kullum ta rufe ido ta fara ƙirga. Ɗaya.

Sai ta ji wani abu. Siii. Ɗan ƙaramin sauti, kamar ana share tabarma da tafin hannu. Biyu. Siii. Ƙafar tsohon ce. Ɗan rawar No ba ya ɗaga diddige, jan ƙafa yake yi a kan katako, kuma farar safa tana da muryarta in ta goga daɓe mai santsi. Sautin ya taso daga hagu yana matsowa, kowane taku da numfashinsa, ba gaggawa. Ashe akwai mutum a cikin shirun nan tun da can, tafiya yake yi.

Ta kai goma sha ɗaya, hannunta ya doki tsirkiya da kansa.

Tsohon ya tsaya cak a tsakiyar daɓe, ya juyo rai a ɓace. "Me ye haka? Kin tare ta a hanya! Saura taku uku ta kai bakin ruwa. Goma sha huɗu ne, a na ƙarshe ta buga ƙafa, nan ne za ki doka."

"Goma sha ɗaya ne a wurinmu," in ji Kinue. "Haka Malama ta bari. Ko ba haka ba, Yaya?"

Fusae ta ajiye abin kaɗinta. Kunya ce ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba ko ranar furanni. Domin ta tuna. Adadin da ta ƙirga a gaban Malama tana da shekara talatin, goma sha huɗu ne. Bayan rasuwar, da ta zama ita ce ke ɗauke hannu ita ce ke dawo da shi, shirun ya riƙa yi mata nauyi, tana jin kamar mutane na jiran ta. Ta rage ɗaya wata shekara, ba wanda ya lura. Ta sake rage ɗaya. Ta sake. Har ta manta ta rage, ta zauna tana yi wa Kinue wa'azin amana.

"Ni ce," ta ce. "Goma sha huɗu ta ba ni. Ni na cinye ukun."

Kinue ta dube ta baki buɗe. Kowa ya zaci za ta yi magana mai zafi, kuma tana da hakki. Sai ta ce, "Oh ni. Mun zo a rage mana, za mu koma da ƙari."

Tsoho Echida ya zo ya zauna a bakin daɓe yana haki. Ya tambaya wace ce malamar tasu, da aka faɗa masa sai ya ɗago kai.

"Wata 'yar siririya, makauniya? Na san ta. Ina saurayi, duk lokacin da za a yi wasan nan sai ƙanenta ya kawo ta, ta zauna a layin farko, ta kara kunnenta kusa da katako kamar mai sauraron cikin randa. Mu samari muna ta dariya a bayan labule, muna cewa me makauniya ta zo kallo? Ganga na tashi kamar za ta fasa rufi, ita ko a jikinta." Ya shafa safarsa. "Ashe ni ne ban san abin da ake kallo ba."

A hanyar gida Fusae ba ta yi tambaya ko ɗaya ba, abin da Genzo ya ce bai taɓa gani ba tun da ya san ta. Sun roƙi tsohon ya zo haikali ya yi tafiyar a gaban jama'a, ya ce ko a mafarki, abin da aka yi a saman shago a saman shago ya tsaya. Amma ya bar su sun dawo Lahadi uku a jere. Ya yi ta jan ƙafa daga kusurwa zuwa bakin daɓe, su uku a cunkushe kan matakala suna bin sa da ido, har suka daina ƙirgawa.

Ranar addu'a an yi ruwa da safe. Mutum wajen sittin suka cika zauren haikali, hoton Malama a gaba cikin hayaƙin turare. Kinue ta ba da shawara a yi wa mutane bayani kafin a fara, Fusae ta yi tunani ta ce a'a, Malama ba ta taɓa gabatar da waƙa da surutu ba, ba za a fara a ranarta ta ƙarshe ba. Mai na'ura ya ɗaga hannu, suka fara.

Murya ta tsaya, kiɗa ya hau, ya hau, suka ɗauke hannu.

Ba a kai taku uku ba aka fara tafi daga baya. Wasu suka kama. Hannun Fusae ya motsa zai kai ga tsirkiya ya rufe ɓarakar, kamar yadda ya saba. Ta danne shi a kan cinya. Idonta na kan kusurwar hagu, inda babu komai sai tabarma. Da matar nan ta cikin waƙar ta ja ƙafa, idon ya bi ta. Kinue ma can take kallo. Genzo ma, sarewa a bakinsa. Kawuna uku masu furfura suna juyawa tare, a hankali, daga hagu zuwa dama.

Mai tafi na layin farko ya ga haka, sai ya tsaya da hannu a buɗe ya waiga ya ga abin da suke kallo. Na kusa da shi ma ya waiga. Tafin ya yi ta mutuwa layi bayan layi. Kafin taku na tara babu sauran motsi a zauren, mutum sittin sun zuba wa tabarma ido, wata tsohuwa har da janye gwiwarta don a samu hanyar wucewa.

Fusae ta ga wannan janyewar, hawaye ya zubo mata, ba ta da hannun sharewa. Ta jira. Sha biyu, sha uku. Matar ta kai bakin ruwa, ta ɗaga ƙafa, Fusae ta doki tsirkiya.